Malam Ilu da Yafiyar da Majistare Ba Ta da Hurumin Karɓa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Ilu, manomi a wani ƙauye da ke bayan Tarai a ƙasar Kibiya. Ba ɗan'uwana ba ne na jini. Maƙwabcin gonarmu ne, kuma da abin da ya faru bai faru ba, da iyakata da shi gaisuwar hanya da ta ranar Sallah. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙanena Hamisu ya harbi ɗansa, ɗan ya rasu, muka shafe damina biyu ni da shi muna zama a benci ɗaya a bakin kotun majistare, muna neman abu ɗaya, wato a saki Hamisu.

Ni tela ne a Kibiya. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta zo. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kan wannan dattijo. Yaran da ke tasowa a ƙauyen sun san sunansa amma ba su san abin da ya yi ba, kuma kuskuren da na yi a lokacin har yau ina ganin mutane suna faɗawa cikin irinsa.

Abin ya faru ne a farkon shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Gonar masararmu tana gindin wani dutse, birai kuma suna saukowa su yi mata ɓarna da zarar ta fara goyo. Hamisu ne ke gadi, da tsohuwar bindigar babanmu, irin wadda ake ɗura wa albarushi. Wata rana da hantsi ya ga masara tana motsi a gefen iyaka, ya harba. Ba biri ba ne. Nafi'u ne, ɗan Malam Ilu, saurayi da ya haura ashirin, ya sunkuya yana yankar wa raguna ciyawa. Hamisu da kansa ya goyo shi zuwa bakin hanya yana kiran mutane. Kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura aka kai shi kafin azahar. Da la'asar mai unguwa ya raka Hamisu wurin 'yan sanda, ya miƙa kansa da bindigar.

A wurin zaman makoki, gaban liman da manyan ƙauye, Malam Ilu ya ce, "Kuskure ne. Yaron nan tare suka tashi da nawa, kwano ɗaya suke ci. Na yafe, ba na kuma neman diyya. A kai mu gaban alƙali in faɗa da bakina."

Kowa ya yi masa addu'a. Ni kuwa da na ji kalmar alƙali sai na tsorata. A wancan lokaci ba abin da ake zance a teburin mai shayi sai haddi da bulala da ƙisasi. Rediyo ba ta mutuwa a shagona, kuma ni ne a gidanmu na taka aji, saboda haka ina ganin na fi kowa sanin inda duniya ta dosa. Na ce a raina tsohon nan lallaɓa mu yake yi, in ya ga kansa gaban alƙalin Shari'a zai juya ya ce rai yake so a madadin rai. Ban shawarci kowa ba. Na tafi wurin wani ɗan sanda da nake yi wa ɗinki, wanda maganar ta biyo ta hannunsa, na roƙe shi don Allah kada a kai Hamisu kotun Shari'a, a kai shi ta boko.

Ya dube ni ya ce, "Tela, ka tabbata? Uban yaro fa ya ce ya yafe."

Na ce, "Baki ne kawai, yallaɓai. Ni na san mutanenmu."

Ya ce, "To. Dama can muka saba kaiwa."

Ban sani ba ko roƙona ne ya sa, ko da ma can ɗin za a kai. Abin da na sani shi ne na koma gida ina gaya wa mahaifiyarmu cewa na ceci wuyan Hamisu, ita kuma ta yi ta sa mini albarka.

Ranar farko a kotu na tarar majistaren mace ce, mai matsakaicin shekaru, da tabarau, ba ta da yawan magana. Kafin a kira Hamisu an yi shari'u da dama. Ga wanda ake tuhuma da satar akuya, ga samari biyu da suka yi faɗa a tasha, ga wani makiyayi da shanunsa suka shiga gonar wake. Kowanne in an karanta masa tuhuma sai ta tambaye shi ko ya aikata ko bai aikata ba. Wasu nan take aka gama da su, makiyayin ma aka ba shi beli aka ce su je su sasanta da mai gona su dawo. Raina ya yi sanyi, na ce lallai na zaɓi wuri mai sauƙi. Da aka kira Hamisu aka karanta takarda da Turanci, tafinta ya juya masa da Hausa. Ina jira a tambaye shi kamar sauran. Ba a tambaye shi komai ba. Ta yi rubutu, ta ce a kai shi gidan yari, ta sa wata rana. Na ce ai ranar farko ce.

Da na fito na ga Malam Ilu a kan bencin da ke ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya jingine kekensa. Na ɗauka ya zo ne ya tabbatar an ɗaure wanda ya kashe masa ɗa. Na gaishe shi sama-sama na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Haka muka yi watanni. Duk ranar zama sai a fito da Hamisu daga mota, a kira sunansa, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce shawara ba ta zo ba, a ɗage. Ban san shawarar wa ake jira ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Duk lokacin da na koma gida sai in ƙirƙiro wa mahaifiyarmu bayani, in ce ana kan bincike.

Mun yi abin da muka saba yi a gida in magana ta cije. Mun ɗauko liman, mun ɗauko wakilin dagaci, mun sa su a gaba cikin manyan riguna don majistare ta ga cewa gari ya sasanta. Suka zauna tun safe, aka kira suna, aka ɗage, muka fito. Wakilin dagaci ya ce shi bai taɓa ganin inda aka yi wa rawani haka ba. A ranar na faɗi maganganu a kan matar nan waɗanda nake neman gafarar Allah a kansu. Na ce don mace ce take tsoron yanke hukunci. Na ce wataƙila wani abu take jira a kai mata. Duka biyun ƙarya ne, kuma ban faɗe su a ɓoye ba, a shago na faɗa, mutane suna ji.

Malam Ilu ne ya warware mana, kuma bai yi shi da wata dabara ba. Bayan damina ta sake zagayowa, wata ranar zama, ana kiran sunan Hamisu sai ya miƙe daga cikin jama'a. Ɗan sandan ƙofa ya daka masa tsawa cewa ya zauna. Majistare ta ɗaga hannu ta ce a bar shi.

Ta ce, "Baba, kai wane ne a wannan magana?"

Ya ce, "Ni ne uban mamacin, ranki ya daɗe."

Hamisu ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na zo ne in ce na yafe. Na faɗa a gida, na faɗa wa 'yan sanda, aka ce sai a kotu. To kullum ina zuwa kotun, ba wanda ya tambaye ni. Masarar da yaron nan yake gadi an girbe ta, an cinye, an shuka wata. Uwarsa tsohuwa ce. Me ake jira?"

Ta ajiye biro ta cire tabarau, ta yi masa magana da Hausa ba ta bi ta tafinta ba. Ta ce, "Baba, na ji, Allah ya ba ka lada, ya jiƙan ɗanka. Amma kujerar nan da nake kai ba ta kai ta karɓi yafiyarka ba. Maganar rai ba ta cikin hurumina. Ba zan iya yi masa shari'a ba, ba zan iya ba da belinsa ba, ba zan iya sakinsa ba. Abin da doka ta ba ni shi ne in ajiye shi har lauyoyin gwamnati su duba fayil ɗinsa su faɗi tuhumar da ta dace da kotun da za ta saurara."

Ya ce, "Wato ajiya aka ba ki."

Ta ce, "Ajiya aka ba ni, Baba."

Ya ce, "Ai da an gaya mini tun farko, da na tafi wurin mai kayan."

Mutane suka yi dariya, ita ma ta murmusa. Ta ce za ta rubuta abin da ya faɗa, za ta kuma sake aika tuni, amma in yana da ƙarfin zuwa Kano ya nemi inda fayil ɗin yake, zai fi sauri. Ta sa magatakarda ya kwatanta mana ofishin.

Da muka fito ya dube ni ya ce, "Tela, kai da ka yi boko, duk zaman nan ba ka san wannan ba?"

A nan bakin keken nasa na gaya masa abin da na yi, da abin da na zarge shi da shi. Ya daɗe yana gyara igiyar da ya ɗaure buhu da ita a bayan keken. Sannan ya ce, "Wato ka ɗauka zan binne ɗa ɗaya in nemi a kashe na biyu." Ya ƙulle igiyar. Ya ce, "To, ya wuce. Ni ban san ofisoshin birni ba, kai ka iya karanta abin da aka rubuta a ƙofa. Ka rufe shago ranar Litinin." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Abin da na koya daga baya, wanda da na tambaya da kowane magatakarda zai gaya mini a tsaye, shi ne kowace kotu tana da iyakarta kamar gona. Majistare tana ɗaukar sata da faɗa da zamba da ɓarnar dabbobi da laifin direbobi da makamantansu, tana ba da beli a kansu, tana yanke hukunci daidai ƙarfin da aka ba ta. Aure da saki da gado ba nata ba ne, na alƙalin Shari'a ne. In mutum biyu suna jayayya a kan wane ne mai gona, ba ita ke faɗin mai ita ba. Kisan kai kuwa ya fi ƙarfinta, sai manyan kotuna. Wani lauya ya gaya mini cewa da babbar kotun Shari'a aka kai maganar, da yafiyar uban yaro ta yi nauyi tun zaman farko, domin a can kisan kuskure yana da babinsa, magada kuma suna da bakin magana. Allah ne masanin yadda za ta kasance. Amma ni dai na gudu daga kotun da za ta iya sauraron Malam Ilu, na kai ƙanena wadda ba ta da ikon sauraronsa, ina kuma yabon kaina.

Nakan yi tunanin me Malam Ilu zai ce da ya ga yadda ake amfani da kotunan nan yanzu. A shagona nake jin labarai. 'Yan'uwa suna rigimar gonar gado, maimakon su je gaban alƙali a raba, sai ɗaya ya garzaya ya shigar da ƙarar ɗan'uwansa a majistare cewa ya shiga masa gona ba izini, don kawai a kulle shi ya kwana biyu ya ji a jikinsa. Ya san a ƙarshe za a ce ba nan ne wurin maganar ba, amma ya samu abin da yake so. Mu rashin sani ya kai mu inda bai dace ba, su da saninsu suke zuwa. Ina jin da Malam Ilu yana nan ba zai yi dogon wa'azi ba, tambayar mutum zai yi ko ya taɓa leƙa cikin motar da ake kawo fursunoni. Shi ya leƙa, sau da yawa, yana miƙa wa Hamisu gyaɗa ta hannun ganduroba.

Ga kuma waya. Yau in irin abin Hamisu ya faru, kafin a yi wa mamaci wanka an ɗauki hoton wanda ya yi harbin, an watsa, mutanen da ba su san inda Tarai take ba sun riga sun yanke masa hukunci. Ni ma ba na cire kaina. Na sha tura irin waɗannan abubuwa gaba kafin in tambaya, ni da ya kamata in fi kowa jan hannu. Na ji an ce an yi gyara a doka don kada a riƙa ajiye mutum ba iyaka ana jiran shawara, har majistarori suna zagaya wuraren da ake tsare mutane. In haka ne, wannan zai yi wa Malam Ilu daɗi. Amma na san abin da zai fara tambaya shi ne ko an gaya wa mutanen ƙauye, domin abin da ya fi ci masa rai a tamu maganar shi ne zaman da ya yi ba wanda ya ce masa ba nan ba ne.

Zuwanmu Kano ba sau ɗaya ba ne. Mukan shiga mota a Rano, shi da jakarsa ta buhu da dafaffen rogo da ƙuli a ciki, domin ya ce abincin birni ba ya riƙe ciki. Duk ofishin da muka shiga sai a ɗauka shi ne uban wanda ake tsare da shi, a ce ya jira a waje. In ya ce shi uban mamacin ne, ya zo neman a saki wanda ya yi harbin, sai ka ga an ɗago kai an dube shi. A haka muka haɗu da wani lauya daga cikin masu taimakon marasa ƙarfi, shi ya bi sawu har ya gano abin da ya tsayar da fayil ɗin. Ba takardar likita a ciki. Mun binne Nafi'u da wuri kamar yadda addini ya koya mana, ba likitan da ya gan shi, su kuma lauyoyi ba sa iya ba da shawara a kan mutuwar da ba a rubuta sanadinta ba. Ba wanda ya ɓoye komai, ba kuma wanda ya ci amanar wani. Mun yi namu daidai, su ma suna kan nasu, Hamisu yana tsakiya.

Maganin abin shi ne Malam Ilu da mutum biyun da suka yi wa gawar wanka su ba da bayani da rantsuwa a kan abin da suka gani a jikinta. Ina zaune kusa da shi ranar da ya yi nasa. Aka tambaye shi inda harsashin ya shiga, da yadda raunin yake. Ya nuna a jikinsa da yatsa, ya faɗa dalla-dalla, muryarsa ba ta rawa. Da muka fito ya nemi famfo ya yi alwala, ya zauna a gefen masallaci ya daɗe. Ban matsa kusa ba. A mota da za mu dawo ya ɓare rogo ya miƙo mini rabi, ya ce in ci, kada in koma gida matata ta ce ya bar ni da yunwa.

Bayan kaka shawara ta iso. Lauyoyi suka ce ba kisan ganganci ba ne, sakaci ne da makami wanda ya jawo rasa rai, wannan kuwa majistare tana da ikon saurara. Aka dawo da mu ɗakin nan, gaban matar nan, a kujerar nan. Aka karanta sabuwar tuhuma. A karon farko ta dubi Hamisu ta tambaye shi ko ya aikata. Ya ce ya aikata. Aka kira Malam Ilu da sunansa, ya shiga akwatin shaida ya faɗi abin da ya faɗa tun ranar makoki, wannan karon aka rubuta shi a matsayin shaida. Ta sami Hamisu da laifi, ta yi masa faɗa mai zafi a kan harbin abin da ido bai tantance ba, ta ce an ƙwace bindigar, ta ce zaman da ya yi ya isa hukunci. Kafin azahar an gama. Abin da ya gagara damina biyu ya ƙare a safiya ɗaya, don kawai ya shigo inda take da iko.

A waje Hamisu ya durƙusa gaban Malam Ilu. Ya rame, gashin kansa ya fara fari alhali bai kai talatin ba. Malam Ilu ya kama kafaɗarsa ya ce, "Tashi, mutane suna kallo. Nawa na yafe tun tuni. Na hukuma yau ka gama. Saura na Allah, shi kuwa ni ba ni da hurumi a kansa, ita ma ba ta da shi. Azumin wata biyu ne a jere. Amma ka bari ka ci tuwon uwarka ka yi ƙwari tukuna, kada ka faɗi a hanya a ce ni ne." Hamisu ya yi azumin a lokacin sanyi.

Daga nan Malam Ilu ya zama mutumin shagona. Duk ranar da ya shigo Kibiya sai ya zauna a kan bencina ya miƙe ƙafa, yana kirana lauya. In wani ya zo da maganar ƙara sai ya ce, "Ku tambayi lauya, amma duk abin da ya ce ku je ku sake tambaya." Ina kiransa Baba. Da mahaifiyarmu ta rasu shi ya tsaya mana a rabon gado, ya kai mu gaban alƙali da kansa. Ciwonsa na ajali bai daɗe ba, bayan girbi ne. Hamisu yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Akwai mutum ɗaya da duk wannan tafiya ba wanda ya tambaye ta, har da ni: Goggo Hansai, matar Malam Ilu, uwar Nafi'u. Ba ta saɓa wa mijinta ba. Ta ce ita ma ba za ta ci kuɗin jinin ɗanta ba, a saki Hamisu ya koma wa uwarsa, amma kada a sa ta ta dube shi. Haka aka yi. In Hamisu ya gaishe ta a hanya sai ta wuce. Na taɓa roƙon Malam Ilu ya sa baki, ya ce mini shi nasa ya yafe, bai yafe a madadin kowa ba, kuma ba shi ya yi naƙudar yaron ba. Ya ce a bar ta.

Tun da Malam Ilu ya rasu Hamisu ke noma mata gonar da ta gada. Ba wanda ya sa shi, bai kuma nemi izininta ba. Yakan je da sassafe ya yi aikin, in kaka ta yi ya kai amfanin ƙofar gida ya ajiye ya yi sallama ya tafi. Ba ta taɓa hana shi ba, ba ta taɓa cewa an gode ba. Shekara goma ana haka.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Malam Ilu, ba zan nuna gini ko wata dukiya ba, domin bai bar su ba. Ya bar mutum guda yana tafiya a waje, da mata da 'ya'ya, wanda da uban mamacin ya zauna a gida ya ce ai na riga na yafe, ba wanda ya san ranar fitowarsa. Ya bar ni da ɗabi'ar tambaya kafin in buɗe baki, wadda har yau ban gama koya ba. Ya kuma bar matarsa da nata haƙƙin a hannunta, bai karɓe mata ba, bai gaggauta ta ba.

Bana, ranar noman farko, Hamisu yana tsakiyar kunya rana ta take, sai ya ga Goggo Hansai tana tahowa da sandarta, da ƙwarya a hannu. Ta tsufa ƙwarai, tafiyar ta ɗauke ta lokaci. Ta ajiye ƙwaryar a gindin bishiya ta ce, "Hamisu, rana ta yi. Zo ka sha fura ka huta." Ta juya ta koma. Da ya zo shago yana ba ni labari, bai iya kai ƙarshensa ba, sai da na kashe keken ɗinki na jira shi. Washegari ya gaishe ta a ƙofar gida, ta amsa a taƙaice ta shige. Ba mu neman fiye da haka.

Allah ya jiƙan Malam Ilu da Nafi'u, ya haɗa su a inda ba rabuwa, ya yafe mana abin da muka zarga ba mu sani ba.